Daga Ƙofar Kwaleji Zuwa Bakin Aiki

Duk uban da ya sa ɗansa a makaranta, ya ɗauki wahalar kuɗin littafi da na tufafi shekara da shekaru, akwai tambaya guda wadda ba ta barin zuciyarsa: in yaron nan ya gama, wane aiki zai yi, wa kuma zai ba shi? Tambayar tsohuwa ce, amma amsarta ta sauya ba sau ɗaya ba cikin shekaru ɗari da su ka wuce. An yi zamanin da aiki ke zuwa har ƙofar kwaleji ya tsaya yana jiran ɗalibi ya fito. An kuma zo zamanin da ɗalibi ke fitowa da takardarsa a hannu, ya yi ta zaga ofisoshi har takalminsa ya suɗe. Ga labarin yadda wannan sauyi ya auku a Arewacin Nijeriya, domin wanda ya san inda hanya ta lalace shi ya fi sanin inda zai taka.

Farkon al'amari

Sa'ad da Turawan Ingila su ka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sun tarad da ƙasa mai malamai da alƙalai da magatakarda, masu rubutu da Larabci da ajami. Amma irin mulkin da su ka kafa yana bukatar wani ma'aikaci dabam, wanda zai rubuta rasit na haraji da boko, ya tsare lissafin baitulmali, ya buga waya, ya sayad da tikiti a tashar jirgi. Da ya ke babu irinsa a nan, sai su ka riƙa kawo akawuna daga Kudu, da Saliyo, da ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai baƙin ma'aikata su ka ƙara yawa.

Turawa sun ga ba zai yiwu a dawwama haka ba. Cikin 1909 wani Bature, Hanns Vischer, wanda Hausawa su ka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan ganuwar Kano. Ya tara 'ya'yan sarakuna da malamai manya, ana koya musu karatu da rubutu na boko da lissafi, waɗansu kuma ana koya musu sana'ar hannu. Wanda ya gama sai ya koma wurin sarkin da ya aiko shi, a sa shi aikin haraji, ko awon gonaki, ko koyarwa a sababbin makarantun larduna. Tun daga tushe ke nan, ba a ɗaukar ɗalibi sai an san gurbin da zai cika.

Kwalejin Katsina

Da makarantun larduna su ka yawaita, sai a ka rasa isassun malaman da za su koyar a cikinsu. Saboda haka cikin 1921 a ka fara karatu a Kwalejin Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Gwamna Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta ran 5 ga Maris 1922. Kowane lardi ya kan zaɓi 'yan yara kaɗan daga cikin waɗanda su ka fi ƙoƙari ya aika da su, su yi shekara 5 suna koyon Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa.

In ana son a gane ƙarancin 'yan kwaleji a wancan zamani, sai a dubi lambobinsu, gama kowane ɗalibi a kan ba shi lamba bisa jerin shigarsa. Ahmadu Bello ya shiga cikin 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga cikin 1928, lambarsa 145. Makarantar ta ƙaura zuwa Kaduna cikin 1938, ta sake ƙaura zuwa Zariya cikin 1949, inda daga baya a ka sa mata suna Kwalejin Barewa. Sa'ad da Yakubu Gowon ya shiga cikin 1950, shi ne na 783. Watau cikin shekara kusan 30, a ƙasa mai miliyoyin mutane, waɗanda su ka taka ƙofar wannan makaranta ba su cika 800 ba.

Mutanen da ba su da yawa haka ba su bukatar rubuta takardar neman aiki. En'e ɗin da ta aiko yaro tana ƙirga masa shekaru, ranar da ya dawo akwai aji yana jiransa. Kashim Ibrahim ya gama cikin 1929 ya koma Barno yana koyarwa. Ahmadu Bello ya gama cikin 1931 ya kama aiki a Midil ta Sakkwato, har 1934 da a ka naɗa shi hakimin Raɓa. Abubakar Imam ya gama cikin 1932 ya zama malami a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama cikin 1933 ya koyar a Midil ta Bauchi, har ya zama shugabanta. Aminu Kano ya fito daga Kaduna cikin 1942, shi ma ya je Bauchi koyarwa. Shehu Shagari kuwa ya koyad da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Kusan dukan waɗanda su ka jagoranci Arewa daga baya, da alli su ka fara.

Amma kada mai karatu ya ɗauka zamanin nan ba shi da aibi. Ɗalibi ba shi da zaɓi. Wanda ya ciyad da shi, ya tufasad da shi, shi ke da iko da aikinsa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Ko yana sha'awar likita ko injiniya, in malami a ke bukata malami zai zama. A cikin En'e kuma, ƙarin girma ya fi bin asali da yardar fada bisa ga ƙwazo, abin da ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa cikin Agusta 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e. 'Ya'ya mata kuwa an bar su baya ƙwarai. Sai cikin 1930 a ka buɗe musu ƙananan makarantu a Kano da Katsina, sai cikin 1939 a ka buɗe makarantar horad da malamai mata a Sakkwato. Aiki ya samu ga kowane ɗan kwaleji ne domin dubban yara masu basira ba su sami shiga ba.

Kowace ma'aikata da makarantarta

Ban da koyarwa, akwai waɗansu ƙofofi. Al'adar gwamnati a lokacin ita ce kowace ma'aikata ta horad da mutanenta da kanta. Ma'aikatar gona tana da makarantarta a Samaru, ta dabbobi tana da tata a Vom, ana koyon aikin duba-gari a Kano, ana koyon haɗa magani a Zariya. Cikin 1934 a ka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, a ka ɗauko malamai daga Sudan, domin a horad da alƙalai da muhutai, cikin 1947 kuma a ka faɗaɗa ta ta zama makarantar nazarin Larabci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu a ka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Zariya. Reluwe da ma'aikatar ayyuka su ma suna ɗaukar samari su koya musu ƙira da gyaran inji da kafinta.

A irin waɗannan makarantu karatu da aiki ba su rabu ba. Ɗalibin Samaru ya kan bar aji ya shiga gonar gwaji, ya auna kunya, ya duba irin auduga da na gyaɗa. Mai koyon haɗa magani yana tsaye a asibiti kusa da likita. Kafin ya karɓi takardar shaida, wanda zai zama shugabansa ya riga ya san hannunsa, ya san halinsa, shi ma ya san abin da a ke bukata gare shi. Abin da a ke kira koyon aiki a ma'aikata yau, a ke kuma wahalar nemansa, a wancan zamani shi ne ainihin karatun.

Wani lokaci kuma gwanintar mutum ce ke jawo masa aikin da ba a yi masa tanadinsa ba. Cikin 1933 Rupert East na ofishin fassara da talifi na Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Abubakar Imam, yana malamin Midil, ya shiga da littafinsa Ruwan Bagaja. East ya ga irin alƙalaminsa, cikin 1936 ya roƙi a ba shi aronsa na 'yan watanni, ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Da a ka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairu 1939, ba a yi dogon nema ba, shi a ka ba edita. Aikin da ya nuna a fili shi ya zame masa takardar neman aiki.

Zamanin cika gurabu

Cikin 1954 Jihar Arewa ta sami gwamnatinta, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya zama Firimiya. Da a ka duba ofisoshin Kaduna da na larduna, sai a ka ga manyan kujeru Turawa ne a kai, na tsakiya kuwa galibi mutanen Kudu ne, ga shi mulkin kai ya ƙarato. Gwamnati ta tsai da shawara a kan cewa in gurbi ya samu, ɗan Arewa mai cancanta za a fara ba. In ba a same shi ba, a ɗauki baƙo na ɗan lokaci bisa yarjejeniya, kafin a horad da wanda zai gaje shi. An ɗaukaka makarantar akawu ta Zariya cikin 1954 ta zama Makarantar Koyon Mulki a Kongo, inda daga baya a ka riƙa shirya 'yan Arewa su hau kujerar Di'o. An buɗe makarantar fasaha a Kaduna cikin 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna cikin 1968. An kuma yawaita tura ɗalibai Ingila da kuɗin gwamnati.

A zamanin nan manya da kansu ke zuwa makaranta neman yara. Ministoci da hafsoshi sun riƙa ziyartar kwalejoji suna jawo hankalin 'yan ajin ƙarshe su shiga soja, domin a da 'yan boko ba su ɗauke shi aikin ɗan mutunci ba. Kwalejin Zariya ita ta fid da Yakubu Gowon, wanda ya shiga soja cikin 1954, da Murtala Muhammad, wanda ya shiga cikin 1958, dukansu kuwa an kai su makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Wannan manufa ta cika gurabu ta yi wa Arewa amfani mai yawa, ko da ya ke ta bar ciwo a zukatan ma'aikatan Kudu da su ka rasa aikinsu, ta kuma ɗora waɗansu samari bisa kujerun da ba su gama ƙwarewa a kai ba.

A Kudu, inda makarantu su ka fi yawa, an riga an fara jin wata bukata sabuwa, watau ta mai ba ɗalibi shawara a kan aikin da ya dace da shi. Cikin 1959 malaman wata kwalejin 'yan mata ta mishan a Ibadan, mai suna St. Theresa, su ka gayyato mutane masu sana'o'i iri iri su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin ayyukansu. Daga wannan ƙaramin taro a ke ƙirga farkon aikin ba ɗalibai shawara a Nijeriya. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a sa irin waɗannan malamai a makarantun sakandare, amma makarantu da yawa ba su samu ba.

Jami'a da arzikin mai

Ran 4 ga Oktoba 1962 a ka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ɗalibai 426. A shekarar nan jami'o'in Nijeriya duka 5 ne. Ba a jima ba gurabu su ka sake buɗewa, ta hanyar da ba wanda ya so. Rikicin 1966 ya sa dubban ma'aikata 'yan Gabas su ka bar Arewa, reluwe da gidan waya da asibitoci su ka zama fayau. Cikin Mayu 1967 a ka raba ƙasa jihohi 12, 6 daga cikinsu a Arewa, kowace kuwa tana son ma'aikatunta da sakatarorinta da likitocinta. Bayan yaƙin basasa ya ƙare cikin Janairu 1970, kuɗin man fetur ya shigo. An yi ƙarin albashi na Udoji cikin 1974, an buɗe kamfanin haɗa motar Peugeot a Kaduna cikin 1975, an fara ilmin firamare kyauta ga kowa cikin 1976, wanda ya bukaci malamai ba iyaka.

A shekarun nan hukumomin ɗaukar ma'aikata na jihohi, da bankuna, da manyan kamfanoni su kan je jami'a su gana da 'yan ajin ƙarshe tun ba su rubuta jarrabawa ba. Mai digiri ya kan zaɓa tsakanin aiki biyu ko uku, sau da yawa da gidan gwamnati da rancen mota. Iyayen da su ka ga wannan da idonsu su ne su ka gaya wa 'ya'yansu da jikokinsu cewa takarda ita ce aiki. Ba ƙarya su ka yi ba, abin da su ka gani su ka faɗa.

Gadoji biyu na 1973

Tun ana cikin daɗin, masu masana'antu su ka fara kuka. Jami'a ba kamar makarantar Samaru ta da ba ce, ba ta san wanda zai ɗauki ɗalibinta ba. Sai ga injiniya ya fito ya san lissafin inji a takarda, amma bai taɓa kwance shi ba, kamfani kuma sai ya sake koya masa daga farko. Cikin 1971 gwamnati ta kafa Asusun Horad da Ma'aikatan Masana'antu, wanda a ke kira ITF, hedkwatarsa tana Jos, ta wajabta wa manyan kamfanoni su riƙa zuba wani kaso a ciki. Cikin 1973 asusun ya ƙago shirin da a ke kira SIWES, a ka fara aiki da shi cikin 1974. Ma'anarsa ita ce ɗalibin injiniya, ko kimiyya, ko gona, ko fasaha, ya bar makaranta na 'yan watanni ya je ma'aikata ya yi aiki da hannunsa. Ɗan jami'a ya kan yi wata 6, ɗan kwalejin fasaha wata 4. A kan ba shi littafi ya riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, shugabansa na wurin aiki ya sa hannu, malaminsa kuma ya zo ya duba shi. Da nauyin ya yi wa asusun yawa, an mai da shirin hannun hukumomin jami'o'i da na kwalejojin fasaha cikin 1979, sa'an nan a ka komo masa da shi cikin 1984. Waɗansu fannoni kuwa suna da nasu tsarin: sabon likita ya kan yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya, mai koyon malanta ya kan je makaranta gwajin koyarwa, mai digirin shari'a sai ya bi ta Makarantar Lauyoyi, wadda a ka kafa a Ikko cikin 1962.

Gada ta biyu ita ce bautar ƙasa. Ran 22 ga Mayu 1973 gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar da ta kafa NYSC, Kanar Ahmadu Ali ne shugabanta na farko. Ɗalibai sun yi zanga-zangar ƙin ta tun kafin a fara, domin suna gani za ta jinkirta musu albashi shekara guda, wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda aiki ke da sauƙi a lokacin. Rukunin farko mutum 2,364 ne. Babbar niyyar ita ce haɗa kan ƙasa bayan yaƙi, a tura ɗan Kano ya zauna a Kalaba, ɗan Inugu ya zauna a Gusau. Amma ta zama hanyar samun aiki kuma, gama makaranta ko kamfanin da a ka tura mutum, in sun ga ƙwazonsa, su kan riƙe shi bayan shekara ta cika. Doka ta kuma hana a ɗauki mai digiri aiki sai ya nuna takardar gama bautar ƙasa, ko ta yafe masa ita.

Rana ta juya

Daga 1981 farashin mai ya fara faɗuwa. Cikin 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, cikin 1984 a ka sallami ma'aikata masu yawa, cikin 1986 a ka kawo shirin gyaran tattalin arziki da a ke kira SAP, darajar naira ta karye, a ka riƙa dakatad da ɗaukar ma'aikata. Masana'antun da ke sayen kayan gyara daga waje su ka kasa, ga rashin wutar lantarki, ga kayan fasa-ƙwauri. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1957, ta tsaya cikin 2002, sauran masaƙun garin su ma su ka bi ta, masana'antu da yawa a Bompai da Sharaɗa na Kano su ka rufe ƙofa.

A daidai wannan lokaci kuwa makarantu sai ƙaruwa su ke yi. An ƙara jami'o'i 7 cikin 1975, jihohi su ka buɗe nasu, daga 1999 a ka ba masu zaman kansu izini. Zuwa 2024 jami'o'in ƙasar nan sun haura 250, ban da kwalejojin fasaha da na ilmi. 'Yan bautar ƙasa, da su ka fara ba su kai dubu uku ba, su ka zama dubu ɗaruruwa kowace shekara. Masu fitowa sun yi yawa, masu jiransu a ƙofa sun ragu. Har gurbin koyon aiki ya zama abin nema: ɗalibi ya karɓi wasiƙa daga makaranta ya yi ta yawo da ita, wani ya dace da ma'aikatar da ta shafi karatunsa, wani ya ƙare a ofis yana ɗaukar fayil.

Ranar da abin ya fito fili ƙarara ita ce 15 ga Maris 2014. Hukumar shige da fice ta nemi ma'aikata ƙasa da 5,000, dubban ɗaruruwan matasa su ka nema, kowa ya biya naira 1,000, a ka tara su a filayen wasa domin jarrabawa. Turmutsitsi ya ɓarke a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, mutum 16 aƙalla su ka rasu. Allah ya ji ƙansu.

Gwamnatoci ba su zauna hannu rungume ba. Cikin 1987 Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ta fara aiki, tana haɗa matasa da masu sana'a su koya. Cikin 1996 a ka kafa hukumar da ke lura da raba guraben aikin tarayya tsakanin jihohi. Cikin 2006 a ka umurci jami'o'i su koya wa kowane ɗalibi darasin dogaro da kai, cikin 2012 kuma a ka shigad da koyon sana'a a sansanin bautar ƙasa. Cikin 2016 a ka fara shirin N-Power da masu digiri 200,000, ana ba kowa naira 30,000 a wata, galibinsu suna koyarwa a firamare, har a ka dakatad da shi cikin 2023. Waɗannan duka sun rage zafi, amma aiki ne na ɗan lokaci, ba su maye gurbin masana'antar da ta rufe ba.

Yadda a ke nema yanzu

Ɗalibin yau ya fi neman aiki ta wayar hannunsa. Hukumomi da bankuna su kan sa sanarwa a intanet, a cika takarda a can, a yi jarrabawa a kwamfuta, sa'an nan a kira waɗanda su ka ci a gana da su. Wannan ya sa ɗan ƙauye na iya jin labarin gurbi rana ɗaya da ɗan birni. Amma ya buɗe ƙofa ga 'yan damfara, masu buga takardar ɗaukar aiki ta jabu su karɓi kuɗin mutane, ko da ya ke hukumomi sun sha yin shela cewa ba a sayad da aiki. Maganar wa ka sani kuma ba ta mutu ba, wanda ba shi da kowa ya san nauyinta.

Duk da haka, in an duba waɗanda su ke dacewa, sai a ga hanyarsu tsohuwa ce. Wani a inda ya yi koyon aiki a ka riƙe shi. Wani shugaban makarantar da ya yi bautar ƙasa ne ya tsaya masa. Wani malaminsa na jami'a ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta ji labarin gurbi ta ambace shi. Wani kuwa tun yana makaranta ya koyi haɗa wutar sola, ko ɗinki, ko kiwon kaji, ko aikin kwamfuta, ya tara abin da ya rage daga alawus ɗin bautar ƙasa, wanda ya kai naira 77,000 a wata cikin 2025, ya kafa nasa. A kowane ɗaya, wani ya ga aikin hannun mutum kafin ya ba shi amana, kamar yadda East ya ga na Imam, kamar yadda malamin Samaru ya ga na ɗalibinsa a gonar gwaji.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, ko a zamanin Kwalejin Katsina takarda ba ta taɓa ba kowa aiki ita kaɗai ba. Ƙarancin masu ita ne ya ba su, da kuma igiyar da ta ɗaure makaranta da ma'aikata. Ƙarancin ya tafi, ba kuwa mai fatan ya dawo, gama dawowarsa ita ce a hana 'ya'yan talakawa da 'ya'ya mata karatu. Igiyar ce a ke iya sake tufkawa. Rabon hukuma shi ne ta rayad da masana'antu, ta sa kwalejoji su san masu ɗaukar ɗalibansu. Rabon uba kuwa, ko da yaƙi da jahilci kaɗai ya yi, shi ne ya tambayi ɗansa tun ranar zaɓen fanni: su wa ke yin aikin nan, ina kuma su ke yinsa? In lokacin koyon aiki ya zo, kada ya yarda yaro ya kwanta a gida a sa masa hannu a littafi, ya tura shi ya je ko da ba za a biya shi ko kwabo ba. Watanni shidan nan su ne karo na farko da mai ɗaukar aiki zai ga hannunsa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.